Ƙofar da Hudu Ya Buɗe

Alhamis, 12 ga Shawwal, bayan La'asar

Masu gaisuwa sun ragu. Yau har na ji ƙarar firij.

Inna ta ce za ta zauna da ni sai na fita takaba, ta aika Adabka a kawo mata sauran kayanta. Uwar miji ce, ba zan ce a'a ba, kuma ba na so in ce. Ta ba ni 'yar wuƙa, wai in riƙa riƙewa duk inda na nufa cikin gida. A zauren mahaifina na yi karatu har aka ɗaura mini aure, ban ga wuƙa a babin takaba ba. Abin da na gani: ban da ado, ban da turare, ban da barin gida sai da larura. Na karɓi wuƙar da hannu biyu.

Ubaidullah, ƙanen mijina Malam, ya zo daga Gummi, wai zai riƙe ɗakin gwajin jini kafin komai ya daidaita. Salamatu, mai ɗibar jini, ta ce tun shekaranjiya ya sa farar rigar aikin Malam. Hannun rigar ya rufe masa yatsu.

Asabar, 14 ga Shawwal, da hantsi

Salamatu ta kira. Sakamakon yaran Tungar Daji ya fito, yana zaune cikin kwamfuta ba wanda ya sanar da iyayensu.

Aikina ke nan tun da Malam ya buɗe wurin. Shi ya koya mini karanta gwajin gubar dalma, ya nuna mini inda lamba take zama haɗari. In ta haura, ni nake kiran uwar yaron in ce ta kawo shi, in ce kada a sake daka dutsen zinariya cikin gida, in saurari kukanta, in sake cewa ta kawo shi. Matan nan muryata suka sani.

Jiya Ubaidullah ya ce abin ba wuya ba ne, ya ɗauki waya ya kira ɗaya. Mijin ne ya ɗauka. Salamatu ta ce tana daga ɗaya ɗakin tana jin mutumin yana tambaya wane ƙato ne ke neman matarsa. Yanzu lambar ba ta shiga.

Mai difloma ke nan.

Salamatu ta ce ko ta riƙa ɗaukar hoto tana turo mini. Na ce a'a. Malam bai taɓa yarda jinin ɗan wani ya yi yawo a waya ba. Kuma ina bukatar ganin gwajin yaro na baya kafin in tayar wa uwa da hankali.

Lahadi, 15 ga Shawwal, bayan Azahar

Zafi. Inna ta kwanta. Na fita tsakar gida na ɗan jima.

Litinin, 16 ga Shawwal, bayan Magariba

Hudu ya zo, mutumin Gummi da ya sa mana intanet a gida da wurin aiki. Salamatu ce ta nemo shi. Ya ce akwai yadda za a haɗa akwatin intanet na gida, wanda suke kira rauta, da na ɗakin gwaji, su zama kamar gida ɗaya mai ƙofa a tsakani. Ina zaune nan, kwamfutata ta shiga ta can, ba wanda ke hanya zai ga abin da ke wucewa. VPN sunan abin.

Matsala: rautar gida tana ɗakin Malam, manne da bango, wayoyin sola sun bi ta kanta. Katangarmu ta ƙasa ce mai kauri, sabis ɗinta ba ya kaiwa zaure. Hudu ya ce a ba shi izini ya shigo minti kaɗan.

Inna ta ce, “Baƙon namiji ba shi shiga gidan mai takaba.”

Ubaidullah ya ɗauka ya ƙara gishiri. “Ko ni da nike ƙanen mai gida, ka gan ni nan zaure nit tsaya. Gidanga ba a wasa da shi.” Ya faɗa da ƙarfi don maƙwabta su ji irin tarbiyyarsa.

Sai aka yi haka: Hudu a zaure, ni a ɗakin Malam da kwamfuta, Inna a tsakar gida tana isar da saƙo, don ta ce bai kamata a ji muryata daga waje ba.

“Inna, ki ce ta rubuta ɗaya, tara, biyu, sai ɗigo.”

“Ya ce ki rubuta tara, ki ɗiga.”

“A'a Inna, ɗaya tukuna.”

“Kai ɗan nan, ka tsai da magana guda mana.”

Har La'asar muna abu ɗaya. Daga baya na rubuta a takarda cewa a kira ni a waya, in saurara kawai. Inna ta yi tunani ta ce waya ba murya ba ce. Ban yi gardama ba.

Duk da haka abin ya ƙi. Hudu ya koma.

Talata, 17 ga Shawwal, da hantsi

Talata. Yau mako biyu da fitar Malam.

Laraba, 18 ga Shawwal, bayan La'asar

Hudu ya gano. Rautocin biyu shago ɗaya aka saye su, lambarsu ɗaya. Ya ce kamar gida biyu ne a layi ɗaya an buga musu lamba guda, ɗan aike ya tsaya a tsakiya bai san inda zai yi sallama ba. Ya sa na sauya ta gida. Sannan ya karanto mini mabuɗin sirri, dogon shirme na haruffa da lambobi, babba da ƙarami. Na rubuta a hankali kamar ina rubuta allo. Ya yi mamaki ban yi kuskure ba. Ban san me ya ɗauka ana koya a makarantar allo ba.

Ina jin sa ta waya ya tambayi Ubaidullah, “Mi da mi ke haɗe da rautar gidan?”

“Kwamfutatta ce kawai da waya. Mi za a samu gidan mata?”

“To bari in buɗe duka, ya hi sauƙi.”

Fitilar rauta ta yi kore. Na danna, sai ga allon ɗakin gwaji a gabana, yadda Malam ya bar shi, har hoton rijiyar Adabka da ya sa a baya. Na tashi na sha ruwa na dawo.

Na kira mata huɗu kafin Magariba. Asabe ta Tungar Daji ta ce, “Malama Sahura, ke ce? Anka ce muna…” Na ce ni ce, ki kawo Hammadu, lambarsa ta hau.

Wuƙar Inna na ajiye ta kan rauta. Can ta fi amfani, tana danne wayar da ke motsi.

Juma'a, 20 ga Shawwal, da safe

Zanzaro na gina ɗaki kusa da kyamarar da ke saman ƙofar kicin. Malam ya kafa ta shekarar da aka fara abin nan na 'yan bindiga, don ya riƙa ganin ƙofar shigowa in ba ya gida. A wayarsa take nunawa. Wayar ba ta dawo ba. Hula ta dawo, takalmi ɗaya ya dawo.

Na bar zanzaron.

Lahadi, 22 ga Shawwal, bayan Azahar

Salamatu ta ce Ubaidullah ya juya teburin Malam, allon kwamfuta ya kalli bango, wai hasken taga na damun idonsa. Yana wuni a kai. Ƙwallo yake kallo, me kuma? Mutumin da ya tambayi Salamatu ko dalma ana ɗaukarta daga sauro.

Inna ta kwanta. Na fita tsakar gida.

Talata, 24 ga Shawwal, bayan La'asar

An kawo Hammadu. Salamatu ta rubuta musu takardar zuwa babban asibiti. Asabe ta ce in yi wa mijinta magana, don ya ce ba inda za a kai yaro ana shirin sharar gona. Na yi masa magana Inna na zaune kusa da ni. Ya ce don Malam zai yarda. Na ce don ɗanka dai.

Ba wuta tun safe, batir ya yi ƙasa, fitila ta koma ja. Na zauna ina kallonta kamar mai jiran tukunya. Ban san na saba da ita haka ba.

Alhamis, 26 ga Shawwal, da hantsi

Sabon babi. Ubaidullah ya je wajen limamin masallacin bakin kasuwa da tambaya: macen da ke takaba, in tana shiga wurin aiki ta cikin na'ura, ta fita ko ba ta fita ba? Shi da bakinsa ya zo zaure yana ba Inna labari, yana jan “na'ura” kamar ya haddace ta jiya.

Inna ta ce, “To mi liman yac ce?”

“Ya ce abin shina son bincike.”

Matar liman ta aiko 'yarta da kunu da yamma, da saƙo. Abin da liman ya ce shi ne: ƙafarta ta taka waje? Aka ce a'a. Ya ce to ku bar baiwar Allah.

Ba fatawa Ubaidullah yake nema ba. So yake a cire wayar, wurin ya zama nasa shi kaɗai, da rigar da kujerar. Ya ɗauki kujerar, ban hana ba. Amma wa zai kira matan?

Asabar, 28 ga Shawwal, bayan Azahar

Ubaidullah ya aiko da sabuwar igiyar shanya. Wai wadda ke kusa da rijiya ta kusa tsinkewa. Gaskiya ne, ta kusa. Inna ce ta gaya masa, ina ji. Abin da ya iya ke nan, igiya.

Zafi har bango na ƙuna. Inna ta kwanta.

Litinin, 30 ga Shawwal, da safe

Kore. Mata biyu daga Tungar Guru, duka lafiya. Daɗin aikin ke nan, in ce wa mace je ki kwanta, ba komai.

Laraba, 2 ga Zulƙida, bayan La'asar

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki, don kada in ƙara ko in rage wa wani.

Ubaidullah ya zo da Kawu Tanko, ƙanen Inna, tun daga Gummi. Suka zauna zaure. Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin labule, ni ina bayanta. Bayan gaisuwa Ubaidullah ya gyara murya.

“Inna, ba ni son in hwaɗi, amma haƙƙin Yaya na kaina. Takabar ga ba a yin ta yadda ya kamata. Na'urar nan ta ɗauke mata hankali. Ni dai shawarata a cire.”

Kawu ya ce, “Mi kag gani?”

“Kullum in Inna ta kwanta bayan Azahar, sai ta ɗauko rigar Yaya, shuɗiyar nan mai aiki a wuya, ta zamna gindin rijiya ta ruhe huska da ita. Kowa ya san turaren Yaya ba shi barin tufa. Mai takaba da turare? Kuma kai ba kallabi. Ranar Asabar har kwanciya ta yi bisa tabarma da rigar.”

Inna ta juyo ta dube ni.

Na ce, “Gaskiya ya faɗa, Inna.” Ban shafa a jikina ba, shaƙa nake yi, kuma na duba babin takaba ba sau ɗaya ba. Amma ban tsaya bayani ba. Hankalina ya tsaya a inda ya ce kallabi.

Na matsa kusa da labule na ce, “Ubaidu.”

“Na'am, Yaya Sahura.”

“Daga ina ka gani?”

Ina jin akuyar maƙwabta na tauna wani abu.

Kawu ya ce, “An tambaye ka.”

Ubaidullah ya ce ai ba shi ya nema ba. Ranar da Hudu ya gama haɗi, ya buɗe wurin da ake kallon kyamarar ɗakin gwaji, sai ya ga taga ta biyu ta fito da kanta. Tsakar gidan nan. Wai ya ɗauka kowa ya sani.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kai ne kat tsaya zaure kana hwaɗa ma duniya ba ka shiga.”

“Inna, ni ban shiga ba.”

“Kawunka na nan. Ka tambaye shi ko ka shiga.”

Na ji Kawu yana neman takalminsa.

Sai Ubaidullah ya fara kuka, ƙaton mutum. Ya ce wallahi da farko ba ni yake kallo ba. Kyamarar tana ajiye na baya. Ya ja baya har safiyar Talatar nan, ya ga Yaya ya fito daga ɗaki, ya tsaya wurin rijiya, ya fita. Shi yake ta maimaitawa. Daga baya ne ido ya saba.

Mako biyu yana da wannan. Ya san yana nan, ya yi shiru, don in ya faɗa za a tambaye shi daga ina ya gani.

Inna ta ce na'ura na nan daram, Sahura za ta ci gaba da kiran matan. Shi kuma ya cire rigar ɗanta ya ba Salamatu ta wanke. Sannan ta tashi, ta ɗauko tsohon zanenta da muciya, ta ɗaga ta lulluɓe kyamarar, zanzaro na ta shawagi a kanta.

Ta ce in zare mata wuta gaba ɗaya. Na ce a'a, Inna, kada a taɓa, ina tsoron in an kashe abin da ke ciki ya goge. A bar ta a kunne har Hudu ya zo.

Alhamis, 3 ga Zulƙida, da hantsi

Wayar Hudu ba ta shiga. Matarsa ta ce yana Bukkuyum, wajen da ba sabis. Na bar saƙo.

Ban fita tsakar gida ba sai da hijabi. A gidana.

Juma'a, 4 ga Zulƙida, bayan Azahar

Inna ta kwanta, ko ta yi kamar ta kwanta. Kafin nan ta ɗauko shuɗiyar rigar ta ajiye a kan gadona.

Ranar da Malam ya fita ina kicin. Na ji ya ce ya tafi, na ce a dawo lafiya, ban ɗago ba, ina tace koko. Ban san ma wace hula ce a kansa ba, don wadda aka kawo ba a gane launinta.

Gobe, in ji Hudu.

Asabar, 5 ga Zulƙida, bayan La'asar

Bai iso ba sai bayan Azahar. Direbobi ba sa tashi sai rana ta ɗaga, sai sun taru su biyo juna.

Wannan karon Inna da kanta ta ce ya shigo. Ta sa ni ɗaki ta ja labule, ta tsaya a kansa da carbinta. Da ya ga wayar kyamara a bayan rauta sai ya yi salati a hankali. Ya ce da ya shigo ranar farko da ya gani. Ya ce laifinsa ne da ya buɗe duka a kan maganar wani. Inna ta ce, “Yi aikinka, ɗan nan, laihin ya ishe mu duka.”

Ya rufe. Yanzu kwamfutata kaɗai ke wucewa, daga nan zuwa can. Daga can ba abin da ke iya shigowa. Ya kira Salamatu ta duba, ta ce tagar ta ɓace. Na sa ta sake dubawa.

Sannan na ce daga bayan labule, ina so in ga na baya. Uku ga Shawwal, da safe.

Ya daɗe yana dannawa. Ya tambaya tun yaushe aka lulluɓe ta. Inna ta ce Laraba. Ya tambaya ko an kashe. Na ce a'a, na hana.

Ya ce katin da ke ciki kamar wata guda yake riƙewa. In ya cika, sabo yana hawa kan mafi tsufa. Kashewa ba ya goge komai. Barinta a kunne ne ke gogewa. Kwana ukun nan tana ta ɗaukar cikin zanen Inna.

Ya ce, “Da na iso da sassahe…” Bai ƙarasa ba.

Ya miƙo kwamfutar ta ƙarƙashin labule. Mafi tsufan abin da ya rage ranar ce, Talatar, amma da yamma. Ni ce ina share tsakar gida. Na share wurin rijiya, na tsaya, na dubi ƙofa, na ci gaba. Na sake duban ƙofa. Ban sani ba tukuna.

Na kalle ta har ta gama sharar, matar nan. Sannan na ce Hudu ya zare wayar.

Lahadi, 6 ga Zulƙida, da hantsi

Kore. Asabe ta kira daga asibiti, Hammadu ya ci tuwo.

Litinin, 7 ga Zulƙida, bayan Azahar

Ubaidullah ya koma Gummi da motar safe. Ya bar saƙo wurin Salamatu: hular mai ruwan toka ce, kuma da ya kai bakin zaure ya waiwayo wajen kicin.

Ban tambaye shi ba.

Na rubuta dai.